Wanda Ya Buɗe Waƙa ta Bakwai

Vale Rabeca, 11 ga Oktoba, 2004

Zuwa ga matata Deolinda,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya. Yaya bayan 'yarmu Idalina, ta fara iya tashi zaune? Yaya yaranta, yaya kuma sanyin Luxembourg? Ki gaishe su duka. Ni lafiya lau, sai gwiwar nan ta hagu da kika sani. Kajinki suna nan ƙalau, kullum sai sun ci kafin in ci.

Na san za ki ce me ya hana ni ɗaga waya. A waya ke ce mai magana, ni nawa bai wuce "na'am?" da "me kika ce?" ba. A takarda kuwa babu mai katse ni. Kuma ban yi shekara uku a kan bencin yara a makarantar yamma, ina da shekara arba'in da huɗu, don in riƙa sa hannu a takardar fansho kawai ba.

Albishirinki. Faifan jikarmu Vanda da abokin waƙarta Nélio ya fito ranar Litinin da ta wuce, kuma kafin Asabar ya hau kan duk wani faifai da ke ƙasar nan. Shi ne na ɗaya, Deolinda. Ɗanki Abílio ya kira ni daga Lisbon yana ta ɓaɓatu, kamar ba shi ne uban da ya ce waƙa ba sana'a ba ce. Ya ce an sayi dubu arba'in cikin sati ɗaya, har layi ake yi a manyan shaguna. Jiya aka nuna su a talabijin, muka cika shagon shan kofi na Belmira, wasu a tsaye. Na yi hawaye a gaban maza, na ce hayaƙin tabar Firmino ne. Yarinyar da nake ɗorawa a kan alfadari ina koya mata inda ake jan numfashi, yau ga ta ƙasa duka ta yi tsit tana sauraronta.

A wannan hirar ce kuma ta faɗi abin da ban sani ba. Wannan ne faifansu na ƙarshe. Nélio zai bi matarsa Kanada bayan sabuwar shekara, ita kuma ta ce ba za ta nemi wani ya tsaya a gurbinsa ba, shekara takwas sun isa. Kowa a shagon ya yi ta juyayi. Ni kuwa nawa juyayin daban ne, kin kuma san dalili. Waƙa ta bakwai.

Kin tuna a watan Yuni da ta ce tana son tsofaffin ƙungiyarmu su je situdiyo a yi waƙar masu girbi tare, ni in buɗe, kamar yadda nake buɗe wa ƙungiyar waƙa shekara talatin da ɗaya? Motar ta zo ranar Talata. Ranar Talatar nan ce kuma ɓawon itatuwanmu na sobreiro, wanda ake yin marfin kwalba da shi, ya saki. Shekara tara muna jiransa, masu ɓarewa sun iso tun da safe, zafin ya yi daidai. Kika ce in tafi, ɗan Firmino zai tsaya a kansu. Na ce gatarin baƙo ba ya taɓa itacen da ubana ya rena sai ina tsaye, don sara ɗaya in ya shige, itace ya ɗauki tabo ke nan har mutuwarsa. Na ce wa Vanda, "Ku je kawai, 'yar nan, a faifai na gaba zan yi miki biyu." Sai ta ce, "To, Kaka."

Shi ke nan ta ba ɗaya kakan nata. Surukinmu Anastácio, mutumin da ya yi shekara talatin a layin baya cikin 'yan amshi, wanda muke sa shi a gefe don kada muryar hancinsa ta shiga kunnen jama'a. Yanzu duk inda na juya shi nake ji. Motar mai kifi shi take sawa, rediyon kantin magani shi, har gidan da ake tatsar man zaitun. Da na ji ya fara sai in bar wurin.

Waƙoƙi goma sha ɗaya ne a faifan. Goma na saurare su har na kusa haddacewa. Ta bakwai kuwa, da na ji ya ja numfashi sai in danna ta takwas.

Kada ki ce ba na murna. Ina murna har ba na iya zama wuri ɗaya. Sai dai babu faifai na gaba, kuma ni ne na koya mata waƙar.

Ki kula da kanki, ki riƙa sa rigar ulun nan mai kauri.

Mijinki,
Custódio

Vale Rabeca, 3 ga Nuwamba, 2004

Deolinda tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Idalina da maigidanta da yara. Na ji daɗi da kika ce ta taka har bakin ƙofa. Allah ya ƙara sauƙi. An yi ruwa kwana uku a nan, rufin ɗakin girki bai zuba ba.

Faifan ya wuce dubu ɗari da ashirin. An ba su wani faifan girmamawa a cikin gilashi, sannan aka ƙara musu wani wanda ya fi shi. Sati huɗu ke nan babu wanda ya sauke su daga sama. Kuma cikin waƙoƙin nan goma sha ɗaya, kin san wadda mutane suka haukace a kanta? Ba sai na faɗa ba. A bukukuwan aure ita ake sawa, an ce har a filin ƙwallo an rera ta.

Satin da ya wuce wasu 'yan mujalla suka zo daga Lisbon neman Anastácio. Suka zagaya da shi gari suna neman wurin ɗaukar hoto, ba su ga inda ya yi musu ba sai gonarmu, don itatuwan da aka ɓare sun yi jajir, gwanin kyau. Ga shi nan a shafi guda cur, ya jingina da itacen ubana, da sabuwar hula, ya ɗora hannu a kai kamar ya taɓa riƙe gatari. A ƙasa an rubuta, "Kakan Vanda." Kamar ɗaya gare ta.

Yanzu a shagon Belmira ba ya zama a kusa da ƙofa, ya dawo tsakiya. Firmino ya ce masa, "Ranka ya daɗe, mai hula, a kawo maka kofi ko sai 'yan jarida sun iso?" Ya ce, "Ka yi dariyarka, Firmino, kai ko matarka ba ta taɓa neman hotonka ba." Na buɗe jarida na yi ta karantawa, na ɗaga ta yadda zai gani.

Amma ga abin da nake so in gaya miki, kuma kada ki gaya wa Idalina. Mutane sun fara aiko masa da wasiƙu. Kin san bai san ko baƙi ɗaya ba. Kin kuma tuna abin da ya ce mini lokacin da na shiga makarantar yamma, wai in na gama in je in karanta wa tumaki labarai. To, ran nan sai ga shi a ƙofar gida da leda cike da ambulan. Ya ce, "Suruki, idanuna ne suka yi rauni kwana biyun nan." Na ce, "Idanun ne, ko?" Ya ce, "Kai dai karanta. In na kai wa Belmira, kafin yamma har limamin coci ya ji."

Tun ranar, kowace Laraba da Asabar yana zuwa, mu zauna a benci in karanta masa. Deolinda, ba ki ga abin da mutane suke rubutawa ba. Wata mata daga Braga ta ce muryarsa ta dawo mata da mahaifinta. Wani direban babbar mota a Faransa ya ce sai da ya tsaya a gefen hanya ya yi kuka. Wannan duk na Anastácio ne, mutumin da yake shaƙe waƙa a hanci.

Ba duka nake karanta masa ba. In na zo inda yabon ya yi yawa sai in tsallake, in ce, "Nan gaisuwa ce kawai." Ranar Asabar kuma shaiɗan ya hau kaina, na ƙara abin da babu a takarda. Na ce wani mutum daga Porto ya ce waƙar ta yi daɗi, amma ya riƙa fyace majina kafin ya fara. Ya wuni yana taɓa hancinsa. Na yi tsammanin zan ji daɗi fiye da yadda na ji.

Labari na ƙarshe. Za su yi wasan bankwana a Beja ranar Lahadi, sha biyu ga Disamba, da yamma, kuma za a kai ƙungiyarmu don waƙa ta bakwai. Daga ranar babu sauran Vanda da Nélio. Ba a faɗi wanda zai buɗe ba. Bisa tsarin ƙungiya ni ne. Bisa faifai shi ne. Sau ɗaya ya rage a duniya in tsaya da jikata a gaban jama'a in buɗe mata waƙar nan, kuma ba ni da niyyar tsayawa a layin baya ina amsa wa Anastácio.

Ina kewar miyarki. Tawa tafarnuwa takan yi yawa.

Naki,
Custódio

Vale Rabeca, 17 ga Nuwamba, 2004

Zuwa ga Deolinda,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da dukan mutanen gidan. Takardarki ta iso ranar Juma'a, na karanta ta sau biyu. Ban san kin iya faɗa da alƙalami haka ba. Kin ce tsoho mai shekara saba'in da uku ya ji kunya, kin ce ba don in cuci wanda bai iya ba Malama Odete ta koya mini karatu. Na ji. Gaskiyarki ce. Amma ki bari in faɗa miki sauran, sai ki haɗa faɗan wuri ɗaya.

Ranar Asabar Anastácio ya zo da wata ambulan doguwa mai tambarin kamfanin su Vanda. Tun kafin in buɗe na san ko mece ce. Suna gayyatarsa ya buɗe waƙa ta bakwai a Beja.

Na rantse miki abin da ke rubuce na karanta. Sai dai na karanta a hankali. An rubuta cewa ɗakin yana cin mutum dubu takwas kuma an sayar da kujerun duka. Na karanta wurin, na ɗaga kai na dube shi, na sake karantawa. An rubuta za a nuna a talabijin kai tsaye. Ya ce mene ne kai tsaye? Na ce, "Yadda ya fita daga bakinka haka zai shiga kowane gida, daga nan har tsibiranmu na tsakiyar teku. In ka yi tari, da tarin." An rubuta mai buɗewa shi zai fara shi kaɗai, babu kiɗa, babu amshi. Wannan ma na maimaita.

Na ga fuskarsa ta canza. Ya cire sabuwar hular ya ɗora a gwiwa. Can sai ya ce, "Suruki, in gaya maka wani abu, ya tsaya nan?" Na ce ina ji. Ya ce, "A situdiyon nan sau ashirin da bakwai na yi. Sun sa ni a wani ɗan ɗaki ni kaɗai, da wani abu a kunne yana ƙwanƙwasa mini kai. Wani yaro mai gashi kamar tsintsiya ne ya yanko nan ya yanko can ya ɗinke, kamar bargon tsumma. Ban taɓa yin ta daga farko zuwa ƙarshe ba tare da na karye ba."

Deolinda, sau ashirin da bakwai. Sai da na ciji leɓe.

Ya ce, "Rubuta musu ka ce ƙirjina ba shi da lafiya." Na ce, "Ka yi tunani dai." Allah ya sani ban faɗe ta da ƙarfi ba. Ya ce ya gama tunani. Na ɗauko takarda mai layi, na rubuta da rubutuna mafi kyau, ya dangwala hannu a ƙasa, na kai gidan waya da kaina tun kafin a rufe.

Ga abin da ban faɗa masa ba. A ƙasan takardar kamfanin akwai layi ɗaya da biro, rubutun Vanda ne, na san yadda take karkata shi. Ta rubuta, "Kaka Anastácio, kada ka ji tsoro, ina gefenka, in ka karye zan ɗauke ka." Wannan layin ban karanta masa ba. Na ninke takardar a kansa.

Ni ba ta taɓa rubuta mini irin wannan ba. Za ki ce ai ni ban taɓa jin tsoro ba. To, duk da haka.

Kada ki kira shi, kada ki kira ta. Ki yi mini faɗa a takarda, zan karanta.

Mijinki da kika sani,
Custódio

Vale Rabeca, 30 ga Nuwamba, 2004

Matata Deolinda,

Ina fatan kuna lafiya. Na yi baƙin ciki da likita ya ce ki ƙara sati huɗu. Wato a talabijin za ki ga wasan. To, ki sa yara su nemo miki tashar tun da wuri.

Ba sai kin kira kowa ba, Vanda ta zo da kanta shekaranjiya. Ina tsaye ina yanka burodi a cikin miya sai na ji mota. Ta rame kaɗan, amma ta yi kyau. Ta sumbace ni, ta zauna a kujerarki, ta ciro takardar da na rubuta wa kamfani daga jaka ta ajiye a tebur.

Ta ce, "Kaka, wa ya rubuta wannan?" Na ce, "Rubutun ya yi kyau, ko?" Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ka karanta masa layin ƙasa?" Na ci gaba da yanka burodi har ya fi ƙarfin tukunyar.

Sai ta gaya mini abin da ya fi faɗanki zafi. Ta ce tun watan Mayu ta san wannan ne faifai na ƙarshe, amma kamfani ya sa sun yi alkawarin ba za su faɗa wa kowa ba. Saboda ni ta dage sai an sa waƙar masu girbi, mutanen kamfanin ba sa so, sun ce waƙar tsofaffi ba ta sayuwa. Ta ce ranar Talatar nan ta hana direba tashi har minti ashirin, tana kallon hanyar gona. Ta ce, "Kai na fara tambaya, Kaka. Kai ka zaɓi itace."

Na ce ai ɓawo ba ya jira. Ta ce, "Na sani. Ni ce mai jira."

Daga nan ta tafi gidan Anastácio, ta karanta masa takardar gaba ɗaya da bakinta. Na zauna ina jiran a zo a ce mini an fasa da ni har a layin baya. Bayan awa guda ta dawo ta ce ya ji, ya gode, amma yana nan a kan bakansa. Wai cewa ya yi, "Ba wa Custódio. In bai buɗe waƙar nan ba zai mutu da ita a maƙogwaro, ya dawo ya hana mu sakat."

Don haka ni zan buɗe, Deolinda. Ni. A gaban mutum dubu takwas, Vanda a hannun damana. Na kai baƙar falmaran ɗina wurin guga, na sa an gyara dugadugan takalmina.

Sharaɗi biyu ta kafa mini. In saurari waƙa ta bakwai a faifai, kuma in zo gwaji ranar Asabar kafin wasa. Na gyaɗa mata kai. Amma tsakanina da ke, me zan saurara? Ina yin waƙar nan tun ba a haifi ubanta ba. A bakin kakana na ɗauke ta, a cikin gonar alkama. Kuma tun da ake waƙa a garin nan ba a taɓa ƙirga wa mai buɗewa ɗaya, biyu, uku ba. Maza su saƙala hannuwa, su fara rangaji, in ya ji jikinsu ya daidaita sai ya fara. Ba zan je in koyi waƙata a bakin Anastácio ba.

Ki yi mini addu'a gwiwar nan ta bar ni in hau matakala.

Naki har kullum,
Custódio

Vale Rabeca, 15 ga Disamba, 2004

Zuwa ga Deolinda, matata,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da Idalina da yara. Na gode da kika kira, na kuma gode da ba ki ce komai ba sai cewa falmaran ta yi mini kyau. Kin ga abin da talabijin ta nuna. Bari in ba ki wanda ba ta nuna ba.

Gwajin ranar Asabar na je, amma ban yi ba. Na ce ina tanadin murya, kamar yadda muke yi jajibirin kowane biki, na sha ɗanyen ƙwai a gabansu don su gani. Da makaɗan suka fara shirin ta bakwai sai na ce gwiwata tana son tafiya, na tsallaka titi na sha kofi. Vanda tana can ana yi mata tambayoyi, ba ta sani ba.

Ranar Lahadi ƙarfe biyar aka fito da mu, mu goma sha takwas, layi biyu. Ban taɓa ganin mutane haka ba, har can sama kamar tsuntsaye a kan waya. Vanda ta riƙe makirufo ta ce, "Ga kakannina biyu." Biyu ta ce, kin ji ai. Ta sa Anastácio a layin gaba, a haguna, hannunsa cikin nawa.

Muka fara rangaji. Na jira har na ji maza sun zama jiki ɗaya. Ɗakin ya yi shiru. Na buɗe baki na fara, "Na bar laujena," ina jan ta yadda ake ja, a hankali, kamar mutumin da ya wuni a duƙe yake miƙewa. Muryar ta fita, Deolinda. Ban taɓa jin ta fita haka ba. Na ga Vanda ta rufe ido.

Kalma uku ke nan. Ban kai ga ta huɗu ba jama'a suka gane waƙar, sai suka faɗo mata gaba ɗaya. Mutum dubu takwas, da tafi, da buga ƙafa, kuma da gudu. Ashe a faifai saurinta ya ninka namu, ga ganga da take shigowa bayan layin farko. Ina kan layi na ɗaya sun kai na uku. Na ɗaga murya in dawo da su, kamar mai ƙoƙarin tare kogi da hula. Mai ganga ya dubi Nélio, Nélio ya ɗaga kafaɗa, suka bi jama'a. 'Yan amshina ma suka bi, don su sun yi gwaji. Na tsaya da baki a buɗe, babu abin da ke fita. Ban san inda ake ba a cikin waƙar da na yi shekara sittin ina yi.

Sai na ji an fizgi hannuna na hagu. Anastácio ne, ya matse ni a jikinsa yana kaɗa ni da ƙarfi, dama, hagu, dama, hagu. Ya sa baki a kunnena ya ce, "Bi ni, tsoho, bi ni, kada ka tsaya." Ya karkato kansa wajen makirufona ya kama waƙar da hancin nan nasa. Mutumin da ya ce ƙirjinsa ba lafiya. Da jama'a suka rufe shi tsoron ya tafi. Na bi jikinsa, ba kunnena ba, har na samu gurbi a baiti na biyu na shiga. Haka muka ƙarasa, yana jana kamar makaho.

Da aka gama, kin ji sunan da ɗakin ya ɗauka. Ba nawa ba ne.

A bayan dandamali Vanda ta zo, fuskarta duk hawaye, don ita da Nélio sun gama ke nan. Maimakon in rungume ta sai bakina ya riga ni. Na ce, "Sun lalata ta. Wannan ba waƙar masu girbi ba ce, ta ɓarayin kaji ce da aka biyo." Ta yi dariya cikin kukan, ta gyara mini wuyan riga. Ta ce, "Haka suka ji ta, Kaka, haka suka koya. Mun bi inda Kaka Anastácio yake iya riƙe numfashi ne. Da ka shiga motar nan a watan Yuni, da yau mutum dubu takwas sun yi ta a hankali, yadda ka koya mini." Ta sumbaci goshina, aka kira ta, ta tafi.

Muka kamo hanyar gida a mota. Firmino ya yi ta tsokanata, wai sai an saya mini takalmin gudu. Anastácio ne ya ce masa, "Rufe mana baki, kai da ka yi amshi a wurin da babu."

Ɗan Belmira ya ɗauki wasan a kaset, na sa ya mayar mini da farkon sau shida. Kalma uku ne, amma ni kaɗai ne a cikinsu, kuma ana ganin fuskar Vanda tana saurare. Na ce ya ajiye mini, in kin dawo mu kalla tare. Daga nan sai a kashe.

Yau da safe na saurari ta bakwai daga farko har ƙarshe. Ba ta da laifi. Hancin dai yana nan.

Zan tsaya a nan, don yau Laraba ce, Anastácio yana zaune a benci tun ɗazu da leda biyu. Da na leƙa in ce ya jira, sai ya ce, "Gama rubutunka, suruki. Amma yau a hankali za ka karanta. Ban yi makaranta ba, amma na san takarda mai shafi biyu ba ta ƙarewa a numfashi uku." Ashe ya sani tun tuni.

Zan karanta masa duka, layi bayan layi, har da tsofaffin da na tsallake. Sai dai kada ya sa ran zan yi da murya mai daɗi.

Ki dawo da wuri. Ki gaida kowa da kowa.

Ni ne mijinki,
Custódio Barrenho